Yadda Ake Gane Wurin da Tsuntsaye Za Su Taru

A hutun da ya wuce na tarar da mahaifina cikin baƙin ciki, domin jan-baki sun yi wa shinkafarsa kaca-kaca. Ƙauyenmu yana bakin fadamar Haɗejiya da Nguru ne. Ƙannena sun yi ta kaɗa gwangwani tun asuba har faɗuwar rana, amma a banza. Da na komo makaranta sai na tambayi malaminmu na labarin ƙasa ko akwai hanyar sanin inda tsuntsaye za su taru tun kafin su zo. Ya ce akwai, kuma ga abin da na koya.

Da farko dai, masu wannan nazari sukan bi kwarin kogi ne, watau dukan ƙasar da ruwanta ke gangarawa cikin kogi guda, domin tsuntsu bai san iyakar gunduma ba. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya, shi kuma ya gamu da na Jama'are a fadamarmu, sa'an nan ruwan ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ashe abin da aka yi wa ruwa a Kano yana taɓa tsuntsun da ke Nguru.

Sai a yanka taswirar kwarin gida-gida kamar gurbin dara. Ba mai iya zaga su duka, saboda haka akan zaɓi kaɗan a je a duba. Duk inda aka ga tsuntsu sai a rubuta halin wurin: zurfin ruwa, irin ciyawa, da nisansa da gari. Sauran gidajen kuwa hotunan tauraron ɗan'adam, irin su Landsat da aka fara harbawa a 1972, su ke nuna halinsu. Daga nan kwamfuta ta gwama, ta ce wannan gida ya yi kama da inda aka ga dinya, wancan bai yi ba.

Sanin yawansu kuma lissafi ne irin wanda muke yi a aji. A ce an ƙirga zalɓe 60 a murabba'in kilomita 3, watau 20 ke nan a kowane ɗaya. In taswira ta nuna wuri mai irin wannan hali ya kai murabba'in kilomita 50, sai a ƙiyasta zalɓe 1,000.

Amma a nan ne ake tuntuɓe. Wuri ya dace da tsuntsu ba shi ne tsuntsu yana ciki ba. Wanda ya je neman shamuwa da rani ba zai same ta ba, ko da kukar da take sheƙa tana nan tsaye, don sai damina take zuwa. Agwagin da ke gudo sanyin Turai kuwa da rani suke sauka, shi ya sa tun 1967 ake ƙirgar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu. Ga kuma masu ɓuya cikin ciyawa, waɗanda ido ba ya gani. Ni dai a ganina, taswirar da ba a koma daji an gwada ta ba zane ce kawai.

To, ina batun jan-bakinmu? An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ruwa kuma ya riƙa kwana a wasu magudanai rani da damina, sai ciyawar kacala ta mamaye su. Cikinta jan-baki ke kwana, alhali agwagi sun fi son sararin ruwa marar zurfi. Saboda haka gonar da ke kusa da kacala mai kauri ita ce cikin haɗari.

Da na rubuta wa Baba wannan bayani, sai ya aiko cewa kacalar da ke gabas da gonarmu ba ta nan sa'ad da yake yaro. Na sayi ɗan littafi, hutu mai zuwa in Allah ya yarda zan auna nisanta da ƙafa, in kuma riƙa rubuta garke nawa ke shiga cikinta kowace magariba.