Kare a Asibitin Dabbobi

Mafarautan Maradun da Bakura da Talata Mafara suna kiwon karnuka. Kowace shekara ya kamata su kai su wurin malamin dabbobi, a yi musu allurar hana ciwon hauka, irin wadda ake haɗawa a Vom, kusa da Jos. In ciwon nan ya bayyana ga mutum, da wuya ya tashi.

To, kare yana da hanci ƙwarai, har yakan sansano tsoro a gumin ubangidansa. In ubangidan ya ruɗe, ya daka masa tsawa, ya fizgi igiya, sai ya firgita, watakila ma ya ciji malamin. In kuwa ya natsu, yana shafa wuyansa, yana kiran sunansa a hankali, sai kare ya kwanta, kafin ya farga an zare allura.