Amsar Tambaya: Baƙin Man da ke Ɗiga daga Injin Tsohuwar Mota

Malam, wasiƙarka game da Peugeot 504 ɗinka ta iso, kuma haƙiƙa na tausaya maka, domin wanda ya wayi gari ya tarar da tabon mai a ƙarƙashin motarsa, lalle hankalinsa ba zai kwanta ba. Kafin ka nufi bakanike, ka wanke injin tas da kananzir, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa da dare, sa'an nan da asuba ka bi sawun ɗigon da tocila zuwa sama, saboda mai a ɗabi'arsa gangarowa yake yi, inda ya ɗiga ba lalle ne nan ne asalin illar ba. Galibi gaskit ɗin murfin saman inji ne ya bushe don tsufa da zafi, ko filtar mai ta saki, ko washar kusar juye mai ta cinye, waɗannan kuwa gyaransu da sauƙi. Amma in daga mahaɗar inji da giya yake fitowa, sai an sauke giyar. Kada ka yarda a shafe wurin da gam kawai, kuma ka riƙa duba sandar awon mai kowace safiya har Allah ya sa a gyara.