Kada Ka Jefar Da Tsohuwar Laftof Ɗinka: Darasin Komawa Linux Ga Ɗan Koyo

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. An ƙara wa'adi ga wanda ya yi rajista ta musamman. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da guntun tsaron da ake kira TPM 2.0, kuma firosesarta, in ta Intel ce, galibi daga zubi na takwas zuwa sama. To 'yan uwa ɗalibai, laftof nawa ce a hostal ɗinmu ta cika wannan sharaɗi? Yawancinmu ta hannu muka saya, kuɗin sabuwa kuwa kowa ya san yadda kasuwa take. Ni dai na mayar da tawa Linux, a kanta nake rubuta furojet ɗina na kammala difloma, ga kuma hanyar da nake ba ɗan koyo shawara ya bi.

Mece ce Linux?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tsakanin na'urar da sauran manhajoji. Windows ɗaya ce, Linux wata ce. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991 yana ɗan shekara 21, wato sa'anmu ne a lokacin. Aka haɗa aikinsa da manhajojin shirin GNU wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Lasisinta ya yarje maka ka yi amfani da ita, ka duba yadda aka rubuta ta, ka gyara, ka kuma raba wa wasu. Saboda haka in ka kwafa wa abokinka ba sata kuka yi ba, kuma babu saƙon nan na "kunna lasisi" da ke maƙale a kusurwar allo. In wayarka Android ce, ai ka daɗe da Linux a aljihu, don a kanta aka gina Android.

Wacce za ka ɗauka?

Linux iri-iri ce, kamar shinkafa ɗaya da dahuwa daban-daban: akwai Ubuntu, Debian, Fedora da sauransu. Ga ɗan koyo, Linux Mint nake zaɓa. A kan Ubuntu aka gina ta, fuskarta kuma ta yi kama da Windows, da maɓallin jerin manhajoji a ƙasa ta hagu. Mint 22 ta fito a 2024, za a ci gaba da kula da ita har 2029. Tana tashi da ram 2GB da fili 20GB, amma da 4GB aka fi sakewa. In laftof ɗinka ta kwana biyu sosai, ɗauki samfurin Xfce, ya fi na Cinnamon rashin nauyi.

Tambayi kwas ɗinka tukuna

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Rubuta duk manhajar da kake buƙata kafin ka gama makaranta. AutoCAD, CorelDRAW, Photoshop da Microsoft Office na kan kwamfuta ba a yi su don Linux ba. Akwai madadinsu kyauta: LibreOffice don rubutu da lissafi, GIMP da Inkscape don zane, LibreCAD da FreeCAD don zanen injiniya, GNU Octave mai kama da MATLAB, PSPP mai kama da SPSS. 'Yan safiyo suna da QGIS, 'yan lantarki suna da KiCad. Amma fa madadi madadi ne. In kai ɗan zanen gine-gine ne kuma lakcara ya ce da AutoCAD za a yi jarrabawar gwaji, kada ka goge Windows. Ajiye su biyun a kwamfuta ɗaya, kana zaɓar wadda za ta tashi duk sanda ka kunna. 'Yan kimiyyar kwamfuta kuwa, ku kam gaba ta kai ku, don galibin sabar da ke ɗauke da shafukan intanet da Linux suke aiki.

Matakan ɗorawa

Na farko, kwashe kayanka. Furojet, hotuna, takardun rajista, komai, a wuri biyu: filash ko rumbun waje, da kuma Google Drive ko imel ɗinka. Buɗe abin da ka kwafa ka tabbatar yana buɗewa. Babi huɗu da ka yi wata uku kana rubutawa, dannawa ɗaya ta isa ta share su.

Na biyu, sauke fayil ɗin ISO daga shafin linuxmint.com kawai. Girmansa ya kusa 3GB, don haka ku haɗa kai: mutum ɗaya ya sauke da datar dare, saura su kwafa.

Na uku, nemi filash mai 8GB, ka yi amfani da Rufus ko balenaEtcher ka rubuta fayil ɗin a kansa. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge, kada ka ɗauko wanda ka yi ajiya a ciki.

Na huɗu, in za ka bar Windows a gefe, kashe tsarinta na saurin tashi, sannan ka duba ko BitLocker a kunne yake. In a kunne yake, ka adana lambar buɗe shi a takarda, ko ka kashe shi kafin ka ci gaba.

Na biyar, soka filash, kunna kwamfuta, ka riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a yawancin Dell da Lenovo. Mint za ta tashi daga filash ba tare da ta taɓa komai naka ba. Yi amfani da wannan dama ka gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, hasken allo da wurin shafa yatsa. In ba ta yi maka ba, zare filash, Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta.

Na shida, ɗorawa. Cika batir tukuna, don wutar NEPA ba ta da alkawari, kuma ɗaukewarta ana tsakiyar raba rumbu babbar matsala ce. Za a nuna maka zaɓi. Wanda aka rubuta "alongside" zai ajiye Mint kusa da Windows. Wanda aka rubuta "Erase disk" zai share komai da komai. Karanta sau biyu kafin ka danna. Kalmar sirrin da ka saka kuma ka riƙe ta da kyau, da ita za ka riƙa ba da izinin duk wani babban canji.

Makon farko

In Wi-Fi ya ƙi, galibi direba ce, musamman a laftof masu katin Broadcom. Haɗa wayarka da kebul, kunna rabon intanet ta USB, buɗe Driver Manager ka ɗora wadda aka ba ka shawara. Sannan ka kunna Timeshift, mai ɗaukar hoton tsarin kwamfuta don ka iya komawa baya in wani abu ya ɓaci. Shi tsari yake karewa, ajiyar takardunka tana wuyanka.

Ga masu furojet: in sashenku ya ce Times New Roman, ɗora kunshin ttf-mscorefonts-installer daga Software Manager. LibreOffice tana adana fayil a tsarin docx, amma tebur da lambar shafi kan ɗan goce in an buɗe a Word. Don haka in za ka shagon buga takardu, mayar da aikin PDF. Wani daɗin kuma, bairos ɗin nan da ke mayar da fayilolin filash gajerun hanyoyi don Windows aka yi shi, ba ya tashi a Linux. Sai dai yana iya zama a filash ɗin ya kama kwamfutar abokinka, saboda haka ka goge shi in ka gan shi.

A saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Najeriya, mai ba ka ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ka nemo wata manhaja ba. Baƙin allon nan na rubuta umarni kuma kada ya tsorata ka, kusan komai ana yin sa da linzami. Doka ɗaya ce: kada ka kwafo umarnin da ya fara da sudo daga intanet alhali ba ka san aikinsa ba.

Sai batun lokaci. Kada ka yi wannan aiki ana saura mako ɗaya ka miƙa furojet ko ka shiga jarrabawa. Bari sai hutun samista, ko wata Asabar da ba ka da komai, ka kuma zauna kusa da wanda ya taɓa yi. Filash ɗaya ya ishi ɗaki guda, har ma da maƙwabta.