Sharhin Baiti Na Sha Ɗaya: Wanda Ya Faɗi Ya Amsa Laifinsa

Wanda ya faɗi ya ce ni na faɗi,
Shi ake miƙa wa hannu ya tashi.
Wanda ya ce santsi ne ya kada ni,
Ya ƙi laifinsa, wa za ya ɗauke shi?

Ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya yi mana muwafaka da ni da kai, abin nufi da faɗuwa a nan shi ne zunubi da kuskure, santsi kuwa shi ne uzurin da bawa ke ƙirƙira wa kansa. Mun ɗora baitin a kan ƙissar Sayyadina Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, wadda Buhari da Muslimu suka fitar. Shi da bakinsa ya ba da ita, ɗansa Abdullahi ya karɓo, shi ne kuwa mai yi masa jagora bayan ya makance. Dubi dattijo mawaƙin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, wanda ya halarci mubaya'ar Aƙaba, yana zaune yana faɗa wa ɗan cikinsa ranar da ya ji kunya.

A shekara ta 9 bayan Hijira aka yi shelar fita Tabuka, lokacin zafi mai tsanani, dabino ya nuna, inuwa ta yi daɗi. Ka'abu ya ce bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar lokacin nan ba, har raƙuma biyu gare shi. Bai ƙudurta ƙin fita ba. Kullum sai ya fito don shiri, ya koma bai yi komai ba, yana cewa gobe ma rana ce, har runduna ta yi nisa. Wannan ita ce cutar da malamai ke kira taswifi, watau jan ƙafa, kuma da ita ake rasa wuridi da karatu da biyan bashi.

Da Annabi ya komo, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna rantsuwa suna kawo hanzari, aka karɓi zahirinsu aka bar wa Allah cikinsu. Ka'abu mai fasahar harshe ne, da ya so da ya fita da baki. Sai ya ce ba shi da wani uzuri. Haka Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya suka ce. Aka hana jama'a yi musu magana su uku, dare 50.

Abokan nasa biyu suka zauna gida suna kuka. Shi da yake ya fi su ƙuruciya yana zuwa masallaci, yana shiga kasuwa, ba mai tanka masa. Ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa kuma mafi soyuwar mutane gare shi, ya yi sallama, bai amsa ba.

A wurina jarrabawa mafi tsanani ita ce wadda ta zo cikin kasuwa. Wani baƙon ɗan kasuwa daga Sham ya miƙa masa takardar Sarkin Gassana, yana ce masa ya ji mutuminsa ya wulakanta shi, ya zo a girmama shi. Ka'abu ya gane wannan ma fitina ce, ya jefa ta cikin tanderu. Ya kai muridi, ranar da malaminka ko mahaifinka ya tsawata maka, za ka ga wanda bai taɓa gaishe ka ba ya zo yana tausaya maka, yana cewa an ci mutuncinka. Na ga almajirai da yawa sun bi irin wannan kira, kaɗan ne suka komo.

Da aka yi dare 40 aka umarce su su nisanci matansu. Ya tura tasa gidansu. Da safiyar cikar dare 50, ya gama sallar asuba a kan soron gidansa, ƙasa ta yi masa ƙunci duk da faɗinta, sai ya ji mai kira daga kan dutsen Sal'u yana masa bushara. Ya faɗi yana sujada. Ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba mai busharar, ya ari wasu ya sa, ya nufi masallaci. Karɓar tubarsu tana cikin Suratut Tauba, aya ta 118.

Ya so ya ba da dukiyarsa duka sadaka, Annabi ya nuna masa ya riƙe sashe ya fi masa alheri, sai ya riƙe rabonsa na Haibara. A nan akwai raddi ga mai tuba da gaggawa wanda ke watsar da sana'arsa ya bar iyalinsa da yunwa. Alkawarin da ya ɗauka shi ne ba zai ƙara faɗin komai ba sai gaskiya, ya kuma cika shi.

Da ya shiga masallaci ranar nan, Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi ne kaɗai cikin Muhajirai ya taso da sauri ya yi musafaha da shi, ya taya shi murna. Mai ruwaya ya ce Ka'abu bai taɓa manta wa Ɗalhatu wannan tasowa ba.