Shawara Ga Masu Ƙarfin Jiki Kan Ma'aunin Ƙiba

Ma'aunin da ma'aikatan lafiya a Nijar ke kira IMC, wanda ya samo asali daga lissafin Adolphe Quetelet na Beljiyam a ƙarni na 19, yana raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita sau biyu a jere. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ɗauki 25 a matsayin farkon nauyi mai yawa, 30 kuma farkon ƙiba. Rauninsa shi ne sikeli ba ya bambanta tsoka da kitse, alhali tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya ne.

Saboda haka ɗan kokawa ko majemin da ke ɗaga jiƙaƙƙun fatu a bakin kogi a unguwar Gamkalley, idan tsayinsa mita 1.75 ne, nauyinsa kuma kilo 90, zai sami 29.4, dab da ƙiba, ko da cikinsa a shafe yake. Bai kamata irin wannan mutum ya rage abinci saboda lambar kaɗai ba. Abin da ya fi amfani shi ne ya zagaya cikinsa da igiyar awo ta tela tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, domin kitsen ciki ne ke da alaƙa da ciwon suga da hawan jini, kuma ana son awon ya gaza rabin tsayinsa.

Wanda ya bar kokawa amma bai rage ci ba, shi ya fi buƙatar wannan awo, tare da gwajin jini a asibiti, tunda tsoka na iya zubewa kitse ya maye gurbinta, nauyi bai motsa ba.