Darasi: Waƙa

Ku dubi wannan kalma: waƙa. Harafinta na uku ƙ ne mai lanƙwasa. In za ka rubuta an waƙe sarki, ka manta lanƙwasar, sai a karanta wake na dafawa!

Mace tana niƙa, tana waƙa. Ranar gayya a ƙasar Malumfashi, ana buga gangar noma, ana yi wa manoma waƙa. Hannu ke kiɗa, baki ke waƙa. Mamman Shata, wanda ya zauna Funtua, ya rasu 1999, mawaƙi ne. Yaransa ke kaɗa masa kalangu.

Malami kuma yakan rubuta waƙa, a rera.

Amma in an ce, "Kullum waƙarsa ke nan, a biya shi kuɗin audugarsa," to, ba rerawa yake yi ba. Naci ne.

Ku rubuta: waƙa, waƙoƙi, mawaƙi, mawaƙiya.