Shimfiɗar zomo: zai ci ta, zai kuma shaƙe ta

Ƙorafin masu ajiye zomo a gidajen unguwannin Daurawa da Gyadi-Gyadi a Kano kusan iri ɗaya ne: zarni ya cika tsakar gida, zomo yana ta atishawa, hancinsa ya jiƙe, gashin tafin ƙafarsa ya zube har ya fara gyambo, ko kuma a wayi gari ya ƙi taɓa abinci. Mafi yawan mutane abinci suke zargi, ko su ce iska ce ta buge shi, sai a garzaya kemis a sayo magani. Ba kasafai ake duba abin da aka zuba masa a ƙasan keji ko cikin robar da yake fitsari ba, alhali sau da yawa daga nan cutar take tasowa. Zomo ba kyanwa ba ne da za ta shiga ta yi buƙatarta ta binne ta fita. Shi a kan shimfiɗarsa yake zama yana tauna, yana kashi yana ci a lokaci guda, hancinsa kuma bai fi ɗan yatsa ba daga ƙasa. Saboda haka ma'aunin zaɓen shimfiɗa guda ɗaya ne a wajena: duk abin da ba za ka yarda ya shiga cikinsa ko huhunsa ba, kada ka zuba masa.

Halittar dabbar ce ta sa haka. Zomo ba ya amai, abin da ya haɗiya sai dai ya bi hanji ya fita ko ya tsaya ya toshe shi. Ta hanci kaɗai yake numfashi, don haka ƙurar da za ta sa mutum tari kawai, shi tana iya shaƙe shi. Fitsarinsa mai kauri ne, cike da sinadarin kalsiyam, shi ne farin dabbaren nan da ke daskarewa a jikin roba, kuma idan ya kwana sai ya riƙa fitar da iskar amoniya mai yaji a ido. Wannan iskar tana cinye fatar cikin hanci, ta buɗe wa ƙwayar cutar Pasteurella hanya, wadda dama zomaye da yawa suna ɗauke da ita ba tare da ta tashi ba. Ga shi tafin ƙafarsa ba shi da tsokar nan mai taushi irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai ya rufe fata. Gashin nan ya daɗe a jiƙe, ko ya daɗe yana gugar waya, sai ya tsinke, fata ta tsage.

Abin da aka fi zubawa a wannan yanki shi ne dusar katako, don kuwa 'Yan Katako na Na'ibawa na nan kusa a titin Zariya, kafintocin unguwa ma da murna suke ba da ita a rage musu shara. Wanda ya bincika intanet zai tarar Turawa suna ta gargaɗi a kan itatuwan ƙasarsu masu ƙamshi, kuma gargaɗin yana da tushe: tun a 1967 wani masani a Amurka, Elliot Vesell, ya nuna cewa ɓerayen gwaji da aka ajiye a kan dusar irin waɗannan itatuwa aikin hantarsu yana canzawa, har maganin barci ba ya kama su yadda ya kamata. Sai dai namu haɗarin daban ne, kuma a ganina ya fi nasu. Buhun dusar da aka share daga ƙasan inji haɗin gambiza ne. Akwai iroko da obeche, waɗanda aka san ƙurarsu da jawo wa masu aikin katako asma da ƙaiƙayin fata. Akwai garin filawud da allunan da aka matse da gam mai ɗauke da sinadarin fomaldihaid. Akwai katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, ga fenti, ga ƙananan ƙusoshi. Mai sayarwa da kansa ba zai iya rantse maka da abin da ke cikin buhun ba. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Dusar banza kuwa tana iya kai shi gaban likita.

Za a ce ai masu kaji da ita suke shimfiɗa, kuma kajinsu suna fita lafiya. Gaskiya ne, amma kajin nama sati shida zuwa takwas suke yi a kai su kasuwar Tarauni, ba su daɗe har illar ta bayyana ba, shi kuwa zomon gida idan ya samu kulawa yana kai shekara takwas ko fiye. Ko su masu kajin, waɗanda suka san aikinsu ba gari suke nema ba, manyan fallayen da injin goge katako ke fitarwa suke saye. Wanda ba shi da wata mafita sai katako, to ya bi sawunsu: ya nemi fallaye daga farin katako guda ɗaya da ba a shafa wa komai ba, ya tankaɗe garin da rariya ya zubar, ya shanya a rana, sannan ya sa su a can ƙasa ya rufe da ciyawa yadda bakin zomo ba zai kai ba.

Ƙasar kyanwa ta kanti, wadda ake sayarwa a manyan shaguna, ita ce ta fi tsada kuma ita ce ta fi kisa. An yi ta ne da wani irin yumɓu da ke kumbura ya dunƙule da zarar ya ji danshi, kuma abin da take yi a cikin roba shi za ta yi a cikin hanji. Yashi ba ya shan fitsari, tara shi yake yi a ƙasa. Toka tana ƙara tayar da amoniya maimakon ta kashe ta, ga ƙura. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa suna saurin yin fumfuna da damina, gubar fumfunar gyaɗa kuwa hanta take kamawa. Buntun shinkafa, da ake samu tuli a wajen masu casa a Kura da kewayenta, ba guba ba ne, amma ruwa wucewa yake yi ta cikinsa, ga kaifi, don haka sai dai a ƙarƙashin keji mai raga inda zomo ba ya taka shi.

Abin da ya rage, kuma shi ya fi sauƙi, hawa biyu ne: takarda a ƙasa ta sha fitsari, busasshiyar ciyawa a sama ta raba ƙafa da danshi. A sami baho ko faffaɗar roba wadda zomo zai iya juyawa a ciki, gefenta kada ya yi tsawon da zai hana shi tsallakawa. A shimfiɗa tsofaffin jaridu ko takardun makaranta ninki da yawa, ko kwalin taliya da aka yage aka cire masa salatif da ƙarfen maƙalawa. Sabon kiret ɗin ƙwai na takarda ya fi su duka shan ruwa, amma wanda ya zaga gonakin kaji ya kwaso kashi ba shi da wuri a nan. Takarda mai sheƙi, da takardar buhun siminti, da ƴar rasit ɗin nan ta masu POS, duk a bar su. A sama a baza ingirici ko busasshen karan shinkafa cike da hannu biyu. Idan zomo ya ci ciyawar, dama abin da ake so ke nan, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su, hanjinsa kuma da harza yake tafiya. Idan ya ɗan gutsiri kwali ba komai. In ka ga ya mayar da shi abinci, alama ce ciyawa ta yi masa kaɗan.

Harawa fa? Masu sayar da abincin dabbobi a 'Yan Awaki na Unguwa Uku ba sa rabuwa da ita, kuma zomo yana son ta ƙwarai. Amma asara ce a zuba harawar gyaɗa ko ta wake a yi mata fitsari, musamman da bazara ko gab da babbar salla da masu raguna ke wawarta. Ban da tsada, tana da kalsiyam da yawa, wanda ke ƙara wa fitsarin babban zomo kauri. A rataye ta kaɗan a jikin keji daidai saman robar, ya zauna a ciki yana fizga. Wannan dabarar ma ita ce ke koya masa wurin bahaya, tare da ajiye robar a kusurwar da shi da kansa ya riga ya zaɓa da jefa ƴan ƙwayoyin kashinsa a ciki. Ciyawar kuwa a shinshina ta kafin a biya kuɗi. Mai warin rima ko baƙin ɗigo a bar wa mai ita, haka wadda aka yanko a bakin kwata ko gonar da aka yi wa feshi.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda kejin waya yana zubar da komai ƙasa. Ta fuskar tsafta suna da hujja, shi ya sa masu kiwon nama suka fi son sa. Amma waya tsirara ita ce uwar gyambon ƙafa, musamman ga zomo mai nauyi, don haka ko a irin wannan keji sai an sa masa allo ko kwali a gefe guda inda zai huta. Wasu kuma su ce zomon daji wa yake yi masa shimfiɗa? Wancan wata dabba ce daban da na gida, wanda asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake, kuma na daji ba ya kwana inda ya yi fitsari.

Kowace shimfiɗa aka zaɓa, kwananta ne ke mayar da ita cuta. Ƙwan cutar koksidiya, mai kashe ƴaƴan zomo da gudawa, ba ya kama wani a ranar da ya fito cikin kashi, sai ya samu kwana ɗaya ko biyu cikin danshi da ɗumi. Wanda ke kwashe jiƙaƙƙen ɓangaren kullum ya yanke wa cutar hanya ba tare da ya sayi magani ba. Nan ne arhar takarda da ciyawa take da amfani, domin abin da aka saya da tsada ba a son zubar da shi da wuri. A juye robar gaba ɗaya bayan kwana biyu ko uku, a watan Agusta kuwa kullum, saboda ƙuda na yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashin gindi, tsutsa ta fito cikin kwana guda. Da zafin Afrilu, lokacin da Kano ke kai digiri 40, a rage kaurin ciyawa, a bar masa dandaɓen siminti ko tayil a inuwa, domin zomo yana fara galabaita tun zafi na wajen digiri 30. Farin dabbaren roba ruwan khal ko lemon tsami ke narkar da shi. Kada a zuba bilic a kan fitsari, haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba. A wanke tukuna, a ɗauraye sosai, a kifa a rana. Abin da aka kwashe taki ne mai kyau ga zogale ko lambun bayan gida.

Kada a karɓi ragowar ciyawa ko tsohuwar roba daga gidan da zomaye suka mutu. A 2020 an tabbatar da ɓullar cutar zubar jinin zomaye a Najeriya, a Jihar Kwara, kuma ƙwayarta tana yin watanni a raye a jikin shimfiɗa da keji da takalmi. Sabon zomo a ware shi da robarsa ta daban na sati biyu aƙalla. Wanda ya wuni bai ci ba kuma bai yi kashi ba, ko yake numfashi da baki a buɗe, a kai shi wajen likitan dabbobi a ranar. Kada a ɗura masa amoksisilin ko ampikulos na mutane ta baki, domin irin waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin da hanjinsa ke narka abinci da su, su kashe shi da gudawa.